Yumɓun Inna

Duk layin, daga masu gyaran keke har zuwa shagon mai walda, Gwaggon Tukwane suke ce mata, har da waɗanda suka girme ta. Ɗakin aikinta yana bayan gidansu. Tsohon garejin mota ne da mijinta ya haƙura ya bar mata tun da ya daina tuƙi. Taga ɗaya gare shi, da doguwar kanta da take jera tukwanen da ba su gama bushewa ba, da wani teburin katako mai kauri wanda tsakiyarsa ta lotsa saboda shekarun cuɗa yumɓu. In ka shiga, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ne zai fara tarbarka, sannan muryarta tana cewa ka kula da gwiwar hannunka.

Ba ta da yawan magana, shi ya sa baƙi suke zaton sanyin hali gare ta. Ba su san ta ba ne. Wani ya taɓa ɗaga tulunta sama yana jujjuyawa, ya ce ai wuyansa a karkace yake. Ta karɓe abinta ta mayar kan kanta, ta ce, “Kai ma ba a miƙe kake ba, amma ga shi ana zaune da kai.” Washegari mutumin ya dawo ya ɗauki tulun.

A wurin mahaifiyarta ta koyi ginin tukwane, wadda kowa yake kira Inna. Inna ƙaƙƙarfar mace ce mai manyan hannaye, kuma tana da wata ɗabi'a: in ta gama cuɗa yumɓu ta dunƙule shi, sai ta danna babban yatsanta a samansa, alamar ya yi laushin da za a iya aiki da shi. Gwaggo tana ƙarama takan lallaɓo ta sa nata yatsan a cikin ramin, ya yi ta yawo a ciki. Inna ta yi dariya ta ce, “Ranar da yatsanki ya cika ramin nan, ranar kika zama maginiya.” Gwaggo ta girma, ta yi aure, ta haihu, tukwanenta suka shiga gidajen da ita ba ta taɓa shiga ba, amma hannunta bai taɓa kai na Inna ba. Ƙananan hannaye ta gado daga wajen uba. Don haka ita ba ta danna yatsa a kan yumɓu. In ta gama cuɗawa, mari ɗaya take yi masa ta wuce.

Wata safiya Inna ta zo ta taya ta aiki. Ta cuɗa yumɓu, ta dunƙule, ta danna yatsa, ta rufe shi da jiƙaƙƙen buhu, ta ce bari ta ɗan kishingiɗa, kanta yana sarawa. Ba ta sake komawa kan teburin ba. Bayan masu gaisuwar rasuwa sun ɗauke ƙafa, Gwaggo ta shiga ɗakin aiki ta ɗaga buhun, ta tarar da dunƙulen yana nan da danshinsa, ramin yatsan Inna raɗau a samansa kamar yanzu ta cire hannu.

Ta kasa aiki da shi, ta kuma kasa barinsa ya bushe. Ta sa shi a wani tsohon daro ta tura ƙarƙashin tebur, kullum da safe kafin ta sha shayi sai ta yayyafa wa buhun ruwa. Haka aka yi shekaru. Yumɓun ya yi duhu, ya fara wani warin tsufa da magina kaɗai suke jin daɗinsa. Abin da ba ta faɗa wa kowa ba shi ne ramin yana shafewa. Ruwan da yake raya yumɓun shi yake cin bakin ramin kaɗan-kaɗan, in ta daina zubawa kuma dunƙulen ya tsage. Tana gani, tana jin zafin abin, ba ta da yadda za ta yi.

Mijinta, wanda har yanzu layin yake kira Direba ko da yake ko keke ya daina hawa, shi ne ya mayar da abin wasa don ya rage mata nauyi. In ya fito da safe ya ga ba a ɗora ruwan shayi ba, sai ya leƙa garejin ya ce, “Surukata ta sha ruwa kuwa, ko mu talakawa mu ƙara jira?”

“Ka jira,” in ji ta. “Ta girme ka.”

A can ƙasan gari, kusa da tsohuwar tashar jirgi, akwai gidan fasaha. Ɗakin ajiyar kaya ne da aka daina amfani da shi, masu zane da masu sassaƙa da masu saƙa suka share shi suka mayar da shi wurin haɗuwarsu. Dukkansu masu zaman kansu ne, babu mai ubangida, shi ya sa in an zauna kowa shugaba ne. Wanda suka ɗora a gaba wani mai zane ne mai kirki da son jama'a, amma ba ya iya shan ruwa sai ya kira zama a kai. Sarkin Taro suke ce masa, yana amsawa da murna.

Shi ne ya ƙulla zumunci da wani gidan fasaha a wani gari mai nisa a bakin teku. Tsarin mai sauƙi ne. Mutum ɗaya daga nan ya tafi can, ɗaya daga can ya zo nan, kowa ya zauna ya yi aiki a ɗakin ɗan'uwansa na 'yan watanni, da kayan aikinsa, cikin abokansa. In sun gama a haɗa abin da suka yi a baje wa jama'a. Mai sassaƙa ya je ya dawo da sabuwar hanyar riƙe gizago. Wata mai saƙa ta je ta dawo ta daina tsoron shuɗi. Duk lokacin da aka zo kan Gwaggo, sai ta kawo uzuri. Yau gwiwa ce, gobe rufin gareji yana yoyo, jibi Direba ba ya iya dafa ko ruwan zafi. A gida kowa ya san ainihin dalilin yana cikin daro a ƙarƙashin tebur.

Autarta ce ta karya ta. Tana aiki a kantin magani a bakin titi, ta iya lallashin tsofaffi su sha abin da ba sa so.

“Umma, mace ce fa za ta zo wannan karon, maginiya irinki. An ce ɗakinta yana kallon teku. Ke da ko kogi ba kya zuwa gani.”

“Tekun yana gina tukunya ne?”

“Ni zan riƙa shayar da Inna. Kullum, kafin in tafi aiki.”

“Ke? Ke da kika manta wayarki a cikin firji?”

Direba ya sa baki daga inda yake kishingiɗe. “Ki je, don Allah. In mutu ban taɓa cewa matata ta yi tafiya ba? Abokaina duk sun faɗa.”

Ta yi kwanaki tana juya maganar. Gaskiyar ita ce tana son zuwa. Ta gaji da jin labarin wasu, kuma hannunta ya daɗe yana maimaita tulu ɗaya da randa ɗaya. Ta amince.

Ranar tafiya, jakarta tana bakin ƙofa, ta shiga garejin ta tsaya tana duban daron. A ƙarƙashin tebur, a cikin duhu, Auta za ta tuna da shi sati ɗaya ta manta. Sai ta ciro dunƙulen ta ɗora shi a kan katako a tsakiyar tebur, ta jiƙa buhun ta lulluɓe shi, sannan ta ɗauko sabon farin ƙyalle daga ɗaki ta shimfiɗa a sama, yadda ko makaho ya shigo sai ya san da abu a wurin. Baƙuwar ba za ta iso ba sai bayan ta tafi, don haka a tashar mota ta riƙe hannun rigar Sarkin Taro ta ce ya gaya mata kada ta taɓa abin da ke kan tebur.

“An gama, Gwaggo,” in ji shi, waya a kunne, yana yi wa mai ɗaukar kaya nuni da ɗaya hannun. Duk wanda ya san Sarkin Taro ya san saƙon nan bai fita daga tashar ba.

Gidan fasahar bakin teku bene ne, ɗakin maginiyar yana sama. Wata mata mai fara'a ce ta kai ta, wadda take kula da gidan, tarin makullai a ɗaure a ƙugunta suna ƙara in tana tafiya. Anti Makulli ake ce mata. Ɗakin yana da manyan tagogi, da injin juya tukwane, da tanderun lantarki a lungu, komai a goge tas. Gwaggo ta dubi ƙasan ta taɓe baki a ranta. Ɗakin da ba a zubar da komai ba, anya ana aiki a cikinsa?

Sai idonta ya sauka a kan tebur. A tsakiyarsa akwai wani abu a dunƙule, an rufe shi da farin ƙyalle.

Ta jira Anti Makulli ta fita, sannan ta ɗaga gefen ƙyallen. Yumɓu ne a naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma, mai haske, mai santsi, daga gani an daɗe ana renonsa. “Allah sarki,” ta ce a fili. “Ashe ke ma kina da naki.” Ba ta san matar ba, ko hotonta ba ta gani ba, amma nan take ta ji ta kwanta mata a rai. Ta mayar da ƙyallen yadda ta same shi. Tun daga washegari, kafin shayi, take yayyafa masa ruwa. Aikinta kuwa a gefen tebur take yi, da yumɓun gama-gari da ake ɗebowa daga ɗakin ajiya na ƙasa.

Zaman ya yi mata daɗi fiye da yadda za ta yarda ta faɗa. Da farko ita da injin juya tukwane ba su jitu ba. Ta ɗora yumɓu ta taka, ya yi tsalle ya manne a bango, masu zanen ɗakin kusa suka fito suna dariya, ita ma ta yi har da hawaye. A hankali ta gane cewa injin ba ya son a yi masa ƙarfi. Su kuma suka riƙa shigowa suna kallon yadda take gina randa da hannu zalla, tana zagaya ta da baya-baya, tana ɗora igiyar yumɓu a kan igiya. Da yamma takan zauna a bakin taga ta kalli teku, ta yarda a ranta cewa ba ya gina tukunya amma yana da kyau.

In ta kira gida, tambayarta ta farko ɗaya ce. “Yaya Inna?”

“Ana kula da ita, Umma,” in ji Auta. Ba ƙarya ta yi ba, a iya saninta. Ran farko da ta shiga da kofin ruwa, baƙuwar ta karɓi kofin da murmushi ta ce ta bar mata wannan, ai aikinta ne. Auta ta ji an sauke mata kaya, ta tafi kantin magani da sauƙin zuciya, ba ta sake leƙa garejin ba.

Zaman ya yi nisa, har an fara maganar komawa, ranar da Anti Makulli ta shigo da shayi ta tarar da Gwaggo tana yayyafa ruwa a kan tsumman. Ta ajiye kofin ta tsaya tana wasa da makullanta.

“Gwaggo, in tambaye ki mana, kada ki ji haushi. Yumɓun bai yi miki ba ne?”

“Wane yumɓu?”

“Wannan da mai ɗakin ta bar miki. Kullum ta kira sai ta tambaye ni ko kin fara aiki da shi, ni kuma ina ta kwana-kwana. Ta yi shekaru tana tanadinsa, ko mu ba ta bari mu taɓa.”

“Ni ta bar wa?”

“Ai ƙa'idar gidan nan ke nan. Duk wanda zai tafi musaya, sai ya zaɓi mafi kyawun abin da yake da shi ya bar wa baƙonsa a tsakiyar tebur, ya rufa masa farin ƙyalle. Mai zane ya bar fentinsa, mai sassaƙa ya bar icensa. Ba a gaya miki ba?”

Gwaggo ta lalubi kujera ta zauna, kofin ruwan yana hannunta har yanzu.

“To in ita ta je wani wuri,” ta ce a hankali, “ta tarar da abu a tsakiyar tebur, da farin ƙyalle a kai?”

“Ai ta san nata ne,” in ji Anti Makulli. Sai ta ga fuskar Gwaggo, ta daina murmushi.

Auta tana kanti lokacin da wayar ta shigo. Ta bar mai saye a tsaye ta ruga gida. Da ta sake kira, kuka ne ya fara zuwa kafin magana. “Umma, babu shi a kan tebur. Ta yi aiki da shi. An riga an gasa.”

Yumɓun da ya bushe ana jiƙa shi ya dawo. Wanda ya tsage ana farfasa shi a sake cuɗawa. Wanda ya shiga wuta ya tafi ke nan, kuma babu wanda ya fi Gwaggo sanin haka. A can gida Direba ya karɓi wayar daga hannun Auta. Tun da Gwaggo ta aure shi ba ta taɓa jin muryarsa babu wasa a ciki kamar ranar ba.

“Ni da hannuna na tura itacen cikin tanderunki,” ya ce. “Na taya ta, ina ta ba ta labari. Wallahi ban sani ba.” “Ki yi haƙuri. Ki ƙarasa abin da kika je yi, kin ji? Dawowarki yau ba za ta fito da shi ba.”

Ta so ta haɗa kayanta a ranar. Ta yi fushi da Sarkin Taro da kunnensa mai yoyo, ta yi fushi da Auta, ta yi fushi da matar da ba ta taɓa gani ba, wadda ta shiga ɗakin mutane ta sa hannu a abin da ba ta tambaya ba. Da fushin ya gama zagayensa sai ya dawo kan farin ƙyallen, da hannun da ya shimfiɗa shi. A nan ya tsaya, don babu inda za shi kuma. Ta yi kuka irin wanda ba ta yi ba tun rasuwar Inna, Anti Makulli tana zaune kusa da ita, ta riƙe makullanta da hannu don kada su yi ƙara.

Washegari da safe ƙafarta ta kai ta gaban tebur da kofin ruwa, kamar kullum. Ta tsaya tana duban farin ƙyallen. Sai ta ajiye kofin, ta fizge ƙyallen, ta warware tsumman. “Kin ci nawa,” ta ce, “ni ma zan ci naki.” Ta ɗaga dunƙulen ta maka shi a kan tebur da ƙarfin da ya sa masu zane suka leƙo.

Amma yumɓun mai kyau ne, kuma da wuya maginiya ta daɗe tana fushi hannunta yana cikin yumɓu mai kyau. Yana bin tafin hannu, ba ya gardama, ba ya tsagewa. Tana cuɗawa tana jin shekarun da matar ta yi tana tace shi, tana jiƙa shi, tana hana kanta taɓa shi, sannan ta ɗauke shi ɗungurungum ta bar wa baƙuwar da ba ta sani ba. Ita kuma ta zo ta yi watanni tana yi masa wanka kamar jariri, mai kyautar tana can tana zaton an raina abinta. Dariya ta kusa kama ta, hawaye suka riga ta.

Ta gina randa da shi, ba da inji ba, da hannu, tana zagayawa da baya-baya kamar yadda Inna ta koya mata. Ita ce mafi kyawun abin da ta yi a zaman nan, kowa ya faɗa, ita ma ba ta musa ba.

A garinsu za a yi baje kolin, don haka baƙuwar tana nan lokacin da ta dawo. A cikin mota Gwaggo ta shirya maganganu kala-kala, wasu masu zafi, wasu masu sanyin da ya fi zafin ciwo. Sarkin Taro ya zo tarbarta a tasha, ya buɗe baki zai fara jawabi, ta dube shi sau ɗaya. Ya rufe bakin ya ɗauki jakarta.

A ƙofar garejin ta sami baƙuwar. Doguwar mace ce mai furfura a gaban goshi, tabarau yana rataye a wuyanta da zare, idanunta sun kumbura. Ta girmi Auta nesa, amma ba ta kai Gwaggo ba.

“Yaya,” in ji matar, “ban sani ba. Da na sani, da hannuna ya karye kafin in taɓa shi.”

Gwaggo ta dubi hannayen. Sun faffashe a gaɓoɓi, akwai jar ƙasa a ƙarƙashin farce wadda sabulu ba ya fitarwa, irin nata sak. Duk maganganun cikin mota suka watse.

“Ni ma na yi watanni ina shayar da naki,” ta ce. “Na ɗauka na uwarki ne.”

Mai tabarau ta yi wani sauti tsakanin dariya da kuka, ta rufe baki da hannu.

“Ina yake?” in ji Gwaggo.

Suka shiga. An share garejin fiye da yadda ya saba, amma ƙamshinsa yana nan. Direba da Auta suka tsaya a bakin ƙofa, babu mai ƙarfin halin shigowa. A tsakiyar tebur, daidai inda ta bar dunƙulen, akwai tulu mai faɗin ciki da murfi, ja mai duhu, gefe ɗaya wuta ta lashe shi ya yi baƙi. Babu zane a jikinsa ko ɗaya. Gwaggo ta zagaya shi da idon sana'a tukuna, don shi ne ya fi sauƙi. Ta ƙwanƙwasa cikinsa da ɗan yatsa, ya amsa da ƙara mai tsabta. Aikin ya yi, ba ta da abin cewa.

“Ban taɓa sa hannu a yumɓu mai laushinsa ba,” in ji mai tabarau a bayanta. “Da na buɗe na ga yatsa a samansa, na ɗauka naki ne. Na ce gaisuwa ce kika bar mini, tunda ba mu haɗu ba. Na kasa murje shi. Sai na sa zare na yanke saman na ajiye gefe, na gina jikin da sauran, shi kuma na yi murfi da shi. Na so ya zama aikin hannu biyu, naki da nawa.”

Sai a lokacin Gwaggo ta dubi murfin da kyau. A tsakiyarsa, inda ake sa maɗauki, babu maɗauki. Rami ne ɗan karkatacce, mai zurfi ta gefe ɗaya, yadda Inna take danna yatsa tana jan hannu zuwa jikinta. Bakinsa ya ɗan shafe, daidai inda ruwan shekaru ya kai shi. A nan wuta ta tsayar da shi. Ruwa ba zai ƙara cin komai a jikinsa ba.

Ta ɗauki murfin da hannu biyu. Yana da ɗumi, don ranar taga tana dukansa. Ba ta yi niyya ba, hannun ne ya tuna abin da yake yi tun tana ƙarama: ta sa babban yatsanta a cikin ramin.

Bai yi yawo ba. Ya zauna daram, gefe da gefe, har ƙasa.

Ta san dalili. Kowace maginiya ta san yumɓu yana tsukewa in ya bushe, ya ƙara tsukewa a wuta, shi ya sa ake gina murfi da ɗan girma. Ta faɗa wa masu koyo wannan sau ba adadi. Duk da sanin, sai da ta jingina da teburin da ya lotsa.

“Umma?” in ji Auta daga ƙofa, a tsorace.

Gwaggo ba ta juya ba. Tana duban yatsanta a cikin ramin, hawaye suna sauka a kan jar ƙasar suna ɓacewa.

“Inna,” ta ce a hankali, “ya cika.”

Sannan Direba ya juya ya shiga gida, ya dawo da bokitin ruwa yana ɗingishi, ya tsaya a gaban tebur yana jiran izini. Gwaggo ta goge fuska da gefen mayafinta, ta matsa masa, murfin yana hannunta. Ya tuttula ruwan a cikin tulun a hankali har ya kusa kai wuya.

“A bar shi ya yi sanyi,” in ji Gwaggo. Ta dubi mai tabarau. “Ƙanwata, ke za ki fara sha.”